Kakanmu ya je yaƙin Bama, amma littafin sallamarsa bai nuna Tauraron Bama ba

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman wanda ya san kan takardun tsofaffin sojoji. Kakanmu na wajen uba, Allah ya jiƙansa, yana cikin waɗanda turawa suka kwasa zuwa yaƙin Bama, wato ƙasar Burma (Myanmar ta yanzu), lokacin yaƙin duniya na biyu. Duk garinmu an san haka, har ya rasu Baba Ɗan Bama ake ce masa. Littafin sallamarsa yana hannunmu. Akwai nambarsa ta soja mai farawa da NA, an ɗauke shi 1942, an sallame shi 1946. Amma a shafin lambobin yabo guda ɗaya tak aka rubuta, lambar yaƙin 1939 zuwa 1945. Tauraron Bama babu. Sannan kakarmu, wadda ita ce amarya a gidan kuma ita kaɗai ta rage cikin matansa, ta ce ya sha ba su labarin yadda ya goyo wani hafsa Bature da aka harba ya fitar da shi daga daji, aka yi masa alkawarin lamba ta musamman, har ya koma ga Allah bai gan ta ba. Shin ana iya gyara wannan takarda yanzu? Wa ake rubuta wa, Najeriya ko Ingila?

Baba Saje:
Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙan mazan jiya. Ki fara adana littafin nan. Kada a liƙe shi da roba mai zafi, kada a ba kowa ya tafi da shi da sunan zai taimaka. A ɗauki hoton kowane shafi har da bango, har da shafukan da kike ganin babu komai a kansu. Kuma kada ki sa nambarsa a nan fili. Mu a soja namba ita ce mutum. Suna yana canzawa, namba ba ta canzawa.

Auwal Fagge:
Allah ya jiƙansa. Amma Hajiya, don Allah me za a yi da ita? Mutanen da suka kwashi kakanninmu suka kai su mutuwa a yaƙin da ba nasu ba, suka biya su ƙasa da nasu 'ya'yan? Takardun da aka tono a 2019 sun nuna kuɗin sallamar sojan Afirka wajen kashi ɗaya ne cikin uku na Bature mai muƙami irin nasa. Yanzu kuma jikoki su je suna roƙon guntun tagulla a hannunsu? Ni a ganina ƙasƙanci ne a kan ƙasƙanci.

Maman Hanif:
Malam Auwal na ji ka, kuma raina yana ɓaci kan abin da ka faɗa kamar yadda naka yake ɓaci. Amma ba roƙo nake yi ba. Abin da ya yi nake so takarda ta faɗa.

Hajiya Binta Landan:
Maman Hanif sannu da ƙoƙari. Na taɓa bin sawun takardun wani kawun mahaifiyata, bari in faɗa miki abin da na koya. Abu biyu kika haɗa a tambayarki, kuma hanyarsu ba ɗaya ba ce.

Na farko, Tauraron Bama. Wannan ba lambar jarumta ba ce, lambar halarta ce. Ƙa'idarta a rubuce take: sojan ƙasa da ya shiga fagen yaƙi a Bama tsakanin 11 ga Disamba 1941 da 2 ga Satumba 1945 ya cancanta, ko da kwana ɗaya ya yi. Ba ta buƙatar wani hafsa ya yaba masa. Wuri da rana kawai ake dubawa. Wadda kika ce an rubuta masa, ita ce ake ba duk wanda ya cika kwana 28 a bakin aiki, shi ya sa kusan kowa yake da ita. Akwai kuma Tauraron 1939 zuwa 1945, wanda yake buƙatar wata shida a fagen daga. Idan har ya daɗe a Bama, to ba lamba ɗaya ce ta ɓace masa ba, biyu ne.

Dalilin da ya sa shafin nan yake zama fanko a littattafai da yawa shi ne, sai bayan an gama yaƙi aka soma ƙera lambobin ana rabawa, alhali an riga an sallami mutane sun watsu ƙauyuka. A Ingila kanta sai soja ya nema ake aiko masa. To ina ga mutumin da ya sauka jirgin ruwa a Legas, ya hau jirgin ƙasa ya yi Arewa, bai iya boko ba? Kuma taurarin da Ingila ta raba wa nata sojojin ba a buga suna a bayansu ba, don haka ko kin ga tauraro a akwatin wani, takarda ce kaɗai za ta ce nasa ne.

Na biyu, lambar jarumta. Wannan sai hafsansa ya rubuta shawara a lokacin, ta hau sama, a amince, a buga a jaridar gwamnati ta London Gazette. Idan an yi haka, za ki gan ta. Jaridar tana intanet kyauta, kuma takardun shawarwarin suna ma'adanar tarihin Ingila da ke Kew, ƙarƙashin rukunin WO 373, ana bincikawa da suna ko namba. Idan kuwa ba a rubuta ba tun a wancan lokacin, Ingila ba ta sake buɗe maganar lambar jarumta bayan shekara biyar da faruwar abu. Gara ki san wannan tun yanzu.

Kawu Sale:
Ni ɗansa ne, ƙanen mahaifin mai tambaya, ita ta sa ni cikin zauren nan. Hajiya, kina nufin mahaifina ya yi ƙarya ke nan? Na ji labarin nan daga bakinsa ba sau ɗaya ba. Akwai tabo a kafaɗarsa.

Hajiya Binta Landan:
Subhanallahi Kawu, Allah ya huci zuciyarka. Ban ce haka ba, ba kuma zan ce ba. Alkawarin da hafsa ya yi da baki a cikin daji daban, takardar da ta isa hedikwata daban. Hafsan yana iya rasuwa a asibiti, ana iya canza masa wuri, ana iya rubutawa a ƙi amincewa. Rashin takarda ba ya nufin abin bai faru ba. Abin da nake cewa, hukuma da takarda take aiki.

Baba Saje:
Sale ɗan'uwana, ka yi haƙuri, gaskiya ta faɗa maka. Ni na yi Laberiya da Saliyo a ƙarƙashin ECOMOG. A soja akwai abin da muke kira Fat Tu Oda, wato sanarwar da bataliya ke bugawa kan duk abin da ya sami soja: ƙarin girma, horo, aure, haihuwa, tafiya bakin daga, dawowa, minda wato lambar yabo. Abin da bai fito a cikinta ba, a wurin hukuma bai faru ba, ko da mutum dubu sun gani da idonsu. Ni kaina da aka zo sallamata, mindar Saliyo ba ta cikin takardata. Wani magatakarda ne ya tsallake sunana. Abin da ya cece ni, na ajiye kwafin takardar da aka tura mu da ita, da sunana da nambata a jeri. Da ita na koma, aka duba, aka gyara. Da baki na je, da har yau ina zarya. Tun ran gini tun ran zane. Shi ya sa nake gaya wa yaran da ke aiki yanzu, kowace takarda ta biyo ta hannunka ka yi kwafi ka kai gida.

Amma fa maganar tauraro daban ce, kamar yadda Hajiya ta ce. Wannan haƙƙinsa ne, ku bi shi.

Malam Tukur:
Allah ya gafarta masa. Ni abin da zan tunatar shi ne, wanda ya riga mu gidan gaskiya addu'a da sadaka yake buƙata. Kuɗin da za a kashe kan wasiƙu da zirga-zirga, da an haƙa rijiya da sunansa da ya fi masa amfani a inda yake.

Maman Hanif:
Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, kuma ba mu fasa yi masa ba. Wannan ba don shi kaɗai ba ne. Ɗana ya tambaye ni me ya sa ake ce wa wani bariki Dodan, wani Kalapanzin, ban iya ba shi amsa ba, alhali mahaifin kakansa ne ya taka wuraren.

Malam Tukur:
To babu laifi 'yata. Gyara shaida ma aikin alheri ne matuƙar gaskiya ake nema ba alfahari ba. Allah ya taimaka.

Sadiq Tudun Wada:
Abin da Maman Hanif ta taɓo ya daɗe yana ci mini rai. Muna wuce barikin Kalapanzin da Dalet a Kaduna kullum, ga Chindit a Zariya, ga Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, ga Letmauk a Ibadan. Ban da Chindit da yake sunan wata runduna ta musamman, duk sunayen wuraren Bama ne inda mutanenmu suka yi yaƙi. Amma a makaranta ba a gaya mana ba.

Anti, ga abin da zai taimaka wajen gano rundunarsa. Runduna biyu na Afirka ta Yamma suka je. Ta 81 ita ta fara zuwa a 1943, ta yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan, alamarta baƙin gizo-gizo a kan rawaya. Daga cikinta aka cire birged ɗin da ya ƙunshi bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Najeriya aka haɗa su da Chindit a 1944. Ta 82 ta biyo baya a 1944, ta yi gaɓar Arakan, alamarta māsu biyu a gicciye cikin gammo. Su biyun suka haɗu a kan Myohaung a Janairun 1945. Idan akwai hotonsa da kaki, ki duba damtsen rigarsa.

Maman Hanif:
Allahu akbar. Akwai hoto ɗaya a ɗakin kakarmu. Na sa an turo mini yanzu. Ya dushe, amma ana ganin abu zagaye da layi biyu a gicciye. Ba gizo ba ne.

Sadiq Tudun Wada:
Ta 82 ke nan, in sha Allahu. Yanzu ki duba littafin, wurin da aka rubuta rukunin da yake ciki. Me aka sa?

Maman Hanif:
Rubutun hannu ne, akwai wata namba, sai Aux Gp.

Sadiq Tudun Wada:
Rukunin 'yan dako ne. Su ke ɗaukar harsashi da abinci da kayan asibiti a ka.

Kawu Sale:
A'a. Mahaifina soja ne, ba ɗan dako ba. Wannan kuskuren rubutu ne, shi ma sai a gyara.

Baba Saje:
Sale, tsaya ka ji. Kada ka nemi a gyara abin da yake daidai, za ka ɓata sauran maganarka. Mutanen nan sojoji ne cikakku, da namba, da kaki, da albashi, da rantsuwa. Dajin Arakan duwatsu ne da koguna da ruwan sama, inda mota ba ta shiga. Jirgin sama yake jefo kaya, su kuma su ɗauka su bi bataliya duk inda ta sa ƙafa. Dalilin da ya sa aka iya tura rundunonin Afirka ta Yamma inda wasu ba su iya zuwa ba ke nan. Yawancinsu ba bindiga a hannunsu, sai adda. Ni da na shiga daji da bindiga ina gaya maka, wanda ya shiga wurin da ake harbi da akwatin harsashi a ka, ba shi da abin ramawa, ban san wanda ya fi shi zuciya ba. Kuma ka lura da kyau: su waye ke ɗauko waɗanda aka raunata? Su ne. Wannan rubutun da kake ƙi, shi ne ya fi kowane abu gaskata labarin Baturen da ya goyo.

Kawu Sale:
Ban taɓa kallonsa ta nan ba. Ya kan ce wuyansa bai sake komawa daidai ba tun Bama. Allah ya jiƙanka Baba.

Abdul Zango Kumasi:
Amin. Gaisuwa daga Kumasi. Mu ma nan akwai su da yawa a zangonni, nambarsu da GC take farawa, kuma hedikwatar sojanmu a Accra har yau Burma Camp ake ce mata. Ina so in amsa wa Auwal. Tsofaffin sojojin da kansu ba su ɗauki neman haƙƙi a matsayin roƙo ba. Ranar 28 ga Fabrairu 1948 sun yi maci zuwa fadar gwamna a Christiansborg da takardar kokensu kan alkawuran da ba a cika ba, aka harbe uku: Saje Adjetey, Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya tana cikin abin da ya gaggauta 'yancin Ghana. Idan su sun tsaya a gaban bindiga don a rubuta abin da ake binsu, mu wasiƙa ce za ta gagare mu?

Auwal Fagge:
Su kuɗi da aiki suka nema, ba ado ba. Ni da za a ce a haɗu a nemi cikon kuɗin sallamarsu, ni ne na farko. Lamba ba ta kashe wa Ingila komai. A ba ka ita a ɗauki hoto, maganar kuɗi ta mutu.

Abdul Zango Kumasi:
To da wace hujja za ka nemi kuɗin in takarda ba ta nuna mutum ya je ba?

Auwal Fagge:
Wannan kam haka ne. Amma ban janye ba, a nemi biyun tare.

Issoufou Maraɗi:
Salamu alaikum. Mu nan Nijar namu kakannin Faransa ta kwasa. Takardunsu da dama suna garin Pau, can ake rubutawa. Abin da nike so in ce, gyara yana yiwuwa ko an daɗe. A sansanin Thiaroye kusa da Dakar, ranar 1 ga Disamba 1944, sojan Faransa sun buɗe wuta bisa sojojin Afirka da suka nemi kuɗinsu. Shekara da shekaru takardu suna kiransu masu tawaye. Sai a 2024 Faransa ta sa shida daga cikinsu cikin jerin waɗanda suka mutu domin Faransa. Shida kaɗan ne ƙwarai, amma ba don iyalai da masu bincike sun nace ba, ko su ba a samu.

Nura Texas:
Na yi aikin soja a nan Amurka, bari in ƙara abu ɗaya kan dabara. Mu takardar sallamarmu DD 214 ce, kuma lamba tana yawan faɗuwa daga cikinta. Akwai hukumar gyara bayanan soja, ana cika fom DD 149, a haɗa hujja. Ƙa'ida shekara uku ce daga ranar da ka gano kuskuren, amma suna iya ɗaga ƙafa idan adalci ya buƙaci haka. A 1973 gobara ta cinye fayil miliyan 16 zuwa 18 a ma'adanar St. Louis, duk da haka ana sake gina tarihin mutum daga takardun gefe: na albashi, na asibiti, rahoton safiya na kamfani. Don haka Anti, ko an ce miki fayil ɗinsa babu, kada ki tsaya. Ki nemi abin da ya nuna yana cikin rukunin, da abin da ya nuna rukunin yana Bama a ranar. Biyun nan in sun haɗu sun zama hujja. Kuma a wasiƙa ki nemi abu ɗaya a fili, kada ki cika ta da labari.

Hajiya Binta Landan:
Daidai, Nura. Kashi na biyun shi ne mai sauƙi yanzu da aka san rukuninsa. Kowane rukuni yana da kundin da hafsoshi ke rubuta abin da ya faru kullum, na fagen Bama suna Kew ƙarƙashin WO 172. Ba kasafai suke ambaton sunan ƙaramin soja ɗan Afirka ba, wannan kam abin takaici ne, amma suna faɗin inda rukunin yake da rana, kuma idan an harbi hafsa Bature to lallai za a rubuta sunansa da ranar. Ta nan Kawu zai iya samun abin da yake nema, ko da ba a ba da lamba ba.

Wajen bincike da suna, ki gwada rubutu iri-iri. Turawa sukan rubuta mutum da sunan garinsu a madadin na mahaifinsa, Audu ya koma Awudu, Muhammadu ya koma Momo ko Mama. Namba ta fi aminci.

Wasiƙa kuma ki yi biyu. Ɗaya zuwa ofishin lambobin yabo na ma'aikatar tsaron Ingila da ke Innsworth, su ke ba da lambobin yaƙin duniya na biyu ga tsohon soja ko magajinsa mafi kusa, kuma ba a biyan kuɗi. Tunda matarsa tana raye, da sunanta za a nema, ba da naki ba. A Nuwamban 2023 Sarki Charles ya miƙa wa wasu tsofaffin sojojin Kenya sababbin lambobi a Nairobi a madadin waɗanda suka rasa, don haka ƙofar ba a rufe take ba.

Baba Saje:
Ta biyun kuma ta gida. Ku je ofishin Nigerian Legion na jiharku da kwafi, su ne ƙungiyar tsofaffin sojoji, su ba ku takardar gabatarwa. Ofishin adana bayanan sojan ƙasa yana Lokoja, ku rubuta can da nambarsa. Barikin da ke can ma sunan Chari Maigumeri yake ɗauke da shi, samanjan da ya yi Habasha ya yi Bama, aka sallame shi a 1953 da girman kyaftin. Ma'adanar tarihi ta Kaduna ita ma ku leƙa, takardun lardi kan sojojin da aka sallama suna iya taimakawa. Duk wanda ya ce ku kawo kuɗi zai fito muku da minda, ku rabu da shi.

Sadiq Tudun Wada:
Anti, kafin duk wannan, ki zauna da kaka ki naɗi muryarta a waya. Sunayen abokansa, garin da suka hau jirgi, laƙabin da suke kiran Baturen, watan da ya dawo. Laƙabi ma yana da amfani in aka haɗa shi da rana.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya saka da alheri. Kawu ya ce shi zai je Kaduna da Legion. Ni zan je gida ranar Juma'a in zauna da kaka, in kuma samo takardar shaidar rasuwarsa da wadda za ta nuna ita matarsa ce. Auren tun kafin a soma ba da takarda ne, ko rantsuwar kotu za ta wadatar?

Hajiya Binta Landan:
Ku yi rantsuwar, ku haɗa da wasiƙar hakimi ko dagaci, ku tura duka. In suna son ƙari za su faɗa. Ki turo mini nambar rukunin da nambarsa ta akwatin sirri, da hoton shafin da aka rubuta ranar da ya bar Najeriya da ranar da ya dawo. Ina da katin shiga Kew, zan nemi kundin rukunin daga ƙarshen 1944 zuwa tsakiyar 1945 in ɗauko muku hoto.

Auwal Fagge:
Hajiya, in kin je ki duba mini ma. Wan kakata ya tafi bai dawo ba, ko kabarinsa ba mu sani ba. Namba ba mu da ita, suna kawai.

Hajiya Binta Landan:
Allah ya jiƙansa. Nasa ba sai na je ba, ka fara daga shafin hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Commonwealth, kyauta ne. Ka zaɓi yaƙin duniya na biyu, ka sa sunansa da sunan garinku a matsayin suna na biyu. Waɗanda ba a sami gawarsu ba, sunayensu suna jikin ginin tunawa na Rangoon a maƙabartar Taukkyan, wajen mutum 27,000. In ya fito, nambarsa da bataliyarsa da ranar rasuwarsa za su fito tare, sai ka turo mini in haɗa da na Maman Hanif.